Na'urar da ba ta yi wa dattijo tsaki

Duk lokacin da na ji an ce tsofaffi tsoron fasaha suke yi, sai in ji maganar ba ta zauna min ba. Wanda ya haura shekara saba'in yau, a gabansa talabijin ta tashi daga baƙi da fari ta koma mai launi. Shi ya yi zamanin tafireta da faks da kaset, ya koyi tuƙi a mota mai kuloci, kuma in rediyo ta fara shaƙewa ya san inda zai taɓa. Mahaifina akanta ne har ya yi ritaya. Ya shekara da shekaru yana aiki da injin lissafi mai fitar da doguwar takarda, kuma da kwamfuta ta shigo ofishinsu yana cikin waɗanda suka fara zama a gabanta. Mutumin nan ne kuma da muka saya masa babbar waya ya mayar da ita kwalinta, ya ci gaba da ƙaramarsa mai madannai. Ba za ka ce min inji ne ke firgita shi ba.

Abu biyu na lura suna riƙe shi. Na farko kuskuren da ba ya gyaruwa. A injinan da ya saba da su kowane maɓalli aikinsa ɗaya ne, yau da gobe da jibi. A fuskar waya kuwa wuri ɗaya yanzu kira ne, anjima gogewa, anjima tura kuɗi. Ka kwana ka tashi an sabunta manhaja, abin da ka haddace jiya a sama ta dama ya koma ƙasa ta hagu, ba wanda ya nemi izininka. Mutumin da bai taɓa sa hannu a takarda ba sai ya karanta kowane layi, ba zai saki jiki da abin da shafa ɗaya ta kuskure ke zartar da hukunci ba.

Na biyun ya fi nauyi, kuma ba ya faɗinsa. Kunya ce. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a faɗi abin da matambayi ke haɗiyewa ba idan shi ne babba a gida. Ya tambayi jikansa yadda ake buɗe saƙon murya, an nuna masa a gurguje. Washegari ya manta. Ya sake tambaya, yaron ya ɗan yi tsaki, ya karɓe wayar ya yi masa, ya miƙo. Ba raini yaron ya nufa ba, shi a wurinsa abin ba komai ba ne. Amma dattijon da duk rayuwarsa shi ake zuwa tambaya ba zai ƙara buɗe baki ba. Sai ya ce, "Ni ba na buƙatar waɗannan abubuwan," mu kuma mu tafi da labarin wai tsoro yake ji.

Ga kuma jiki. Fuskar wayar zamani tana gane taɓawa ne ta ɗan lantarkin da fatar mutum ke ɗauka, busasshen yatsa irin na tsufa kuwa ba kullum take jinsa ba. Hannu mai ɗan rawa yakan mayar da dannawa ta zama ja. Ganin kusa tun wajen shekara arba'in yake fara raguwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura sittin suna da raunin ji da ke kawo cikas ga harkokinsu. Hukumar dai ta ƙiyasta cewa a 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ɗan sittin ko fiye, kusan mutum biliyan 1.4. Waɗannan ba 'yan tsiraru ba ne da za a ce su yi haƙuri su koya. Amma in ka dubi ƙanƙantar rubutu da madannan yawancin manhajoji, ka san matashi mai lafiyayyen ido ne ya tsara wa ɗan'uwansa matashi.

Abin da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta canza a nan shi ne yanzu ana iya yi wa na'ura magana yadda ake yi wa mutum. Ba yau aka fara ba. Manhajojin da ake yi wa magana, Siri ta zo a iPhone a 2011, Alexa ta Amazon a 2014, sai dai waɗannan na farkon dole ka haddace irin umarnin da suke ganewa, ka kauce kaɗan su ce ba su fahimta ba, wanda shi ma wani irin tsakin ne. Tun da kamfanin OpenAI ya saki manhajar hira ta ChatGPT a ƙarshen Nuwambar 2022, sauran kamfanoni suka biyo da nasu, lamarin ya sauya. Dattijo ba ya tambaya a dunƙule. Zai fara da yadda takardar ta zo, wanda ya kawo ta, abin da ya faru bara, sai can ƙarshe ya faɗi abin da yake son sani. Sabbin manhajojin suna iya bin wannan zagayen su tsinto tambayar. In ya ce bai gane ba, su maimaita. In ya ce a rage manyan kalmomi, su rage. Ya tambaya sau nawa ya ga dama, ba fuskar da za ta canza, ba kuma wanda zai ba da labarinsa a gida.

Ta wata wasiƙa abin ya shigo wa Baba. Takarda ce daga masu kula da kuɗin fanshonsa, cike da yaren lauyoyi da ƙananan rubutu. Na ce, "Baba, in kun yarda mu ɗauki hotonta, wannan abin zai karanta muku, ya kuma yi bayani." Sai da ya rufe sunansa da lambar asusun da 'yar takarda kafin ya bari a ɗauka, ba ni na ce ya yi ba. Abin ya karanta, ya yi bayani a taƙaice. Baba bai ce uffan ba. Can sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan, bari in ga ko ya san abin da yake faɗi."

Abin da ya biyo baya jarrabawa ce. Ya riƙa tambayarsa abubuwan da shi ya sani tun kafin a haife ni: yadda ake lissafin raguwar darajar kadara, bambancin riba a takarda da kuɗin da ke hannu, dalilin da ya sa dole ɓangarori biyu na littafin asusu su daidaita. Yana sauraro yana gyaɗa kai. Daga nan ya karanto masa dogon jerin lambobi ya ce ya haɗa ya cire kaso kaza, shi kuma ya ɗauki biro yana nasa a gefe. Amsoshin suka sha bamban. Ya sake bi a nutse, nasa ne daidai. Ya gaya masa, abin ya ba da haƙuri ya gyara.

Wani zai ɗauka shi ke nan an rabu, alhali a nan aka ƙulla. Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce, "Yauwa, yanzu na san irinsa. Ƙaramin ma'aikaci ne mai baki. Ya yi karatu da yawa, amma sai an duba aikinsa." Tun daga nan ya ciro babbar wayar daga kwalinta. Na yi ta tunanin dalili. Duk sauran abubuwan da ke cikin wayar ɗalibi suke mayar da shi, ɗalibin ma da ake ganin bai da kai. Wannan kuwa ya mayar da shi kujerarsa ta mai duba aiki. Kuskuren da ya kama shi ne ya nuna masa inda zai tsaya.

Hukuncinsa kuma daidai ne. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne da tarin rubutu mai ɗimbin yawa, aikinsu hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa maganarsu take da santsi ko gaskiya ce ko ba ita ba, kuma da muryar da suke faɗin daidai suke faɗin kuskure. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja a gabanta da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yi ba. Lauyoyi ke nan da digirinsu, sun yarda ba su duba ba. Don haka in na ji ana tsara yadda za a cire wa tsofaffi shakku game da AI, sai in ce a bi a hankali. Kunyar tambaya a cire, wahalar madannai a cire, amma shakkun a bar musu abinsu.

Inda muka ja layi a gidanmu shi ne magani. Baba yana shan na hawan jini da wasu, takardar da ke cikin kwalin kuma ko da tabarau da ƙyar take karantuwa. AI na karanta masa ita, ya faɗa masa abin da kalma kaza take nufi, ya kuma taya shi tsara tambayoyin da zai yi wa likita kafin ranar ta zo. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani. Da sai ya dawo daga asibiti yake tuna abin da bai tambaya ba, yanzu da jerinsa a rubuce yake shiga. Lokacin sha ma da baki yake ce wa wayar ta tuna masa, ba sai ya shiga neman inda aka ɓoye agogon ƙararrawa ba. Kada a raina wannan: wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya nuna ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu. Amma ƙara ƙwaya ko rage ta, ko haɗa wannan da wancan, wannan na likita ne da mai ba da magani, na'ura ba ta da ta cewa.

Yayar Baba, Gwaggo, tata matsalar ido ce. Akwai wata manhaja, Be My Eyes, wadda wani ɗan Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya kawo tunaninta, ta fara aiki a 2015. Tana haɗa mai raunin gani da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo, shi ya duba ya faɗa masa abin da ke gabansa. Gwaggo ta ce sam, baƙo ba zai leƙa mata ɗaki ba. A 2023 suka ƙara wani sashe inda AI ne ke duba hoton ya bayyana abin da ke ciki, kamfanin Microsoft ma yana da tasa, Seeing AI, tun 2017. Wannan ta karɓa. Launin tufa, ranar da wa'adin magani zai ƙare, wace kwalba ce ta ɗigawa a ido, duk abubuwan da da sai ta jira wani ya shigo. Na gaya mata gaskiya cewa hoton yana tafiya kwamfutocin kamfani. Ta yi jim, ta ce, "Kamfanin ya san ni?" Na ce, "Gwaggo, bai san ku sanin maƙwabci ba, amma yana iya ajiye abin da aka tura masa." Ta ce, "To ban da takardun banki." Ita ta yanke, kuma haka ya kamata. Yawancinmu mukan saita wa iyayenmu waya mu ɓoye musu irin wannan bayani don kada su ƙi. In suka gano daga baya, ba wayar kaɗai za su daina yarda da ita ba.

Na kunne ma akwai. Google ya fitar da Live Transcribe a 2019 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Washington, tana rubuta abin da ake faɗi a fuskar waya nan take. A Satumbar 2024 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince AirPods Pro 2, 'yan na'urorin saurare na Apple da ake sa wa a kunne, su yi aikin na'urar ƙara ji ga masu raunin da bai yi tsanani ba. Dattawa da yawa suna ƙin na'urar ƙara ji don tana tallata tsufa, wannan kuwa abin da matasa ke yawo da shi a kunne ne.

Sai dai duk wannan bai kai ga kowa daidai ba. Rubutun da ke fitowa a waya sai wanda ya iya karatu. Na'urorin gane murya kuma da muryoyin matasa da manyan harsunan duniya aka fi horar da su, wanda harshen uwarsa bai da yawan rubutu a intanet ragowa yake samu. Murya mai rawa, baki mai giɓi, magana mai tsayawa a yi tunani, duk suna rikita su. Ƙorafin Baba na kullum shi ne in ya ɗan dakata don ya nemo kalma, sai abin ya ɗauka ya gama ya katse shi. "Bai da tarbiyya," in ji shi. A Fabrairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda a kan wannan, tana gargaɗin cewa AI na fannin lafiya zai iya gadon wariyar da ake nuna wa tsofaffi matuƙar ba a sa bayanansu a horarwa ba, ba a kuma zauna da su wajen tsarawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne fasahar da ke karanta wa Gwaggo kwalba ita ce a hannun 'yan damfara. A farkon 2023 masu bincike na Microsoft suka nuna wani tsari mai suna VALL-E da ke kwaikwayon muryar mutum daga sautin daƙiƙa uku kacal. A watan Maris na shekarar, hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta gargaɗi jama'a kan kiran da ake yi da muryar jika ko ɗa: yana kuka, ya yi hatsari ko an kama shi, a turo kuɗi yanzu, kada a gaya wa kowa. Rahoton hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, na 2023 ya ce waɗanda suka haura sittin sun kai ƙarar asarar fiye da dala biliyan 3.4 ta damfarar intanet iri-iri. Wanda aka kai ƙara ke nan. Mutumin da ke kunyar tambayar yadda ake buɗe saƙo, ka san ba zai yi saurin faɗin an yaudare shi ba.

Kamfanoni suna nasu ƙoƙarin. A ƙarshen 2024 Google ya fara gwada wani tsari a wayoyin Pixel da ke sauraron kiran baƙuwar lamba a cikin wayar kanta, in ya ji salon damfara ya yi gargaɗi. A Birtaniya kamfanin waya na O2 ya ƙirƙiro Daisy, muryar AI ta wata tsohuwa da ke ɗaukar kiran 'yan damfara ta riƙe su da surutun saƙa da labarin iyali har su gaji. Na yi dariya da na ji, ko da yake na lura a nan ma tsohuwa ruɗaɗɗiya aka zana.

Kariyarmu ta gida kuwa ba na'ura a cikinta. Mun zaɓi wata kalma da mu kaɗai muka sani, duk wanda ya kira da muryar ɗayanmu yana neman kuɗi cikin gaggawa sai ya faɗe ta. In babu, a kashe a kira mutumin ta lambarsa da aka sani. Baba bai ga wani sabon abu a nan ba, shi dama a ofis bai taɓa fitar da kuɗi don an kira shi ba. Inda AI ke shigowa shi ne saƙonnin da ke cewa za a rufe asusunka in ba ka danna shuɗin rubutun nan ba. Baba yakan karanta wa AI saƙon ya ce me ya gani, shi kuma AI ɗin ya lissafo alamun: gaggawa, barazana, adireshin da bai yi kama da na banki ba, neman lambar sirri. Duk da haka ba ya tsayawa a nan, sai ya kira lambar da ke bayan katinsa. Lambar sirrin kuwa ko shi AI ɗin ba ya faɗa wa.

Wanda ke son taya dattijo wannan tafiya, abu ɗaya zan roƙe shi: kada ya karɓe wayar daga hannunsa. Ka zauna gefe, ka harɗe hannunka, shi ya danna, ko da zai ɗauki lokaci. Ka bari ya rubuta matakan a littafinsa da kalmominsa. Kuma kada ka fara da nuna masa abin da na'urar ta iya. Ka jira ya faɗi abin da ke ba shi wahala, ka shigo ta nan.

Inda har yau ba mu daidaita da Baba ba shi ne agogo. Faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a shekara a duniya, ita ce ta biyu bayan hatsarin hanya cikin mace-macen tsautsayi, kuma waɗanda suka haura sittin ta fi ɗauka. Tun 2018 agogon hannu na Apple Watch ke iya gane mutum ya faɗi da ƙarfi, in bai motsa ba na kusan minti ɗaya ya kira masu agaji, ya tura wa dangi inda yake. Wasu kamfanonin ma suna da irinsa. Ni da ƙannena muna so ya ɗaura. Shi kuwa ya ce, "Abin da nake tambaya ya ba ni amsa daban, abin da ke sa min ido daban."

Ba ni da amsar wannan, don akwai gaskiya a ciki. A 2022 ofishin kula da tsofaffi na jihar New York ya shirya raba wa dattawan da ke zaune su kaɗai na'urori sama da 800 na ElliQ, wani ɗan mutum-mutumin tebur da shi ke fara hira, ya tambaye ka yadda ka kwana. A Japan akwai Paro, mai siffar jinjirin dabbar teku da laushin gashi, ana ba masu ciwon mantuwa su rungume. Ba na yi wa waɗannan dariya, kaɗaici ciwo ne, kuma wanda bai da kowa gara na'ura da bango. Amma wani lokaci in ka duba da kyau, hankalin 'ya'ya ne kayan suke kwantarwa, ba na iyaye ba. Da na ba Baba labarin ElliQ cewa ya yi, "Wato ku saya min abokin hira ku huta da kira." Na ce ba wanda ya faɗi haka. Ya ce ai ba a faɗi.

Yanzu dai ya kawo sharuɗɗansa. Zai ɗaura agogon in zai shiga wanka da kuma in shi kaɗai ne a gida, a kashe bin sawu, kada kowa ya ga inda yake sai in faɗuwar ta auku. Ƙanena yana ganin wannan rabin kariya ce, ni ina ganin mu karɓa. Ba mu saya ba tukuna. Ya ce sai ya ji ta bakin likitansa ko maganin hawan jinin na cikin abin da ke sa shi jiri in ya miƙe, kuma ya riga ya sa tambayar a jerin da zai shiga da shi wata mai zuwa.